Kujerun Ƙarshen Shekara

Duk kafintan da ya kwana biyu a sana'ar ya san shekarar gwamnati tana da wata guda na rabon alheri, wato watan ƙarshe. A watan ne ofisoshi suke tunawa cewa kujerunsu sun tsufa. Kujerar da aka kawo bara, wadda ko ledar jikinta ba a gama ɓarewa ba, sai ka ji an ce tana sa wa oga ciwon baya. Tebur lafiyayye a fitar da shi baranda, a yi odar sabo. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin da aka ware wa ofis, in shekara ta rufe bai ƙare ba, baitulmali yake komawa, kuma babu shugaban ofis da yake son a ce ya yi rara.

Kafinta ya daɗe yana cin wannan kasuwa. Da ita ya rufa wa shagonsa kwano, da ita ya sayi injin yankan katako, da ita ma ya biya wa 'yarsa karatun aikin jinya. Sai dai yana ci yana mita. In ya kai kaya ofis ya dawo, wuni zai yi yana tsaki, yana buga guduma da ƙarfin da ƙusar ba ta nema ba. Mutum ne da ko guntun katako ba ya yarwa, yana da buhu guda na lanƙwasassun ƙusoshi da yake cewa wata rana zai miƙe su. Irin wannan mutum a ce shi ne yake ƙera kayan ɓarna, ai dole abin ya riƙa cinsa.

Bana da harajin shago ya sake zuwa da ƙari, haƙurinsa ya ƙare. Ƙungiyar masu shaguna ta kai wa majalisar gari buƙata, cewa a yi dokar da za ta hana kashe-kashen hukuma girma yadda suka ga dama. Abin da kowane ofis ya kashe bana shi ne ma'auninsa na baɗi, sai ɗan ƙari gwargwadon tashin farashi. In kashewa ta tsaya, haraji ma ya tsaya. Nan da nan mutane suka sa wa dokar suna linzami. A taron ƙungiya Kafinta ya miƙe ya rantse a gaban kowa cewa daga bana ya daina karɓar odar ƙarshen shekara, ko da zai kwana da yunwa. Aka yi ta tafi, shi kuma ya dawo shago yana jin kansa sakayau.

Mutum ɗaya ne a layin shagunansu bai tafa ba, shi ne Mai Kemis, maƙwabcin shagonsa. Sun yi shekaru suna zama a benci ɗaya da yamma, kuma ba a taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba, ko da a kan ko za a yi ruwa ne.

“To, Sarkin Linzami,” in ji Mai Kemis yana kaɗe garin katako daga bencin, “an ce saura ƙiris ku ɗaure mana gari.”

“Ba gari za mu ɗaure ba, hannun masu wawura za mu ɗaure.”

“Ka ga layin nan? Da muka zo, me ke bayansa? Fili. Yau har gaba da gada an gine. Kowane gida da yara, kowane yaro da makarantar da zai shiga da ruwan da zai sha. Gari yana girma, kai kuma ka ce rigar bara za a ci gaba da sa masa.”

“Ni za ka gaya wa? Ni nake kai musu kaya fa. Akwai ofishin da na kai wa tebur, na tarar da wanda na yi musu bara an jingine shi a bayan gini, ruwan sama yana dukansa. Da kuɗin wa aka saye shi? Da na waccan baiwar Allah.”

Ya nuna shagon Mai Ɗinki da haɓa. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, kuma kowa a layin ya san ɗaya daga cikin kekunanta ta sayar kafin ta iya biyan harajin bana. Shi ma Mai Kemis abin ya taɓa shi.

“To a kama mai ɓarnar mana,” ya ce, “a kore shi. Don wani ya yi ɓarna sai a ɗaure hannun kowa, har da mai aikin gaskiya?”

“Tun da kake, wa ka ga an kama? In dai kuɗin suna zuwa, ba za su taɓa koyon awo ba. Ni da ba ni da inda zan miƙa hannu, ai kafin in yanka katako sai na auna.”

“Kai katako kake aunawa, shi ba ya haihuwa.”

Haka suke yi kullum. Abin da ya sa gardamar ba ta ƙarewa shi ne kowannensu yana da gaskiya, kuma kowanne ya san ɗan'uwansa yana da ita, faɗi ne dai ba zai yi ba.

Wata yamma, ana cikin watan ƙarshen, sai ga 'yar Kafinta da fararen kayan aikinta. Ita ce shugabar ƙaramin asibitin unguwa, kowa Sista yake ce mata, amma shi Uwata yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ta durƙusa ta gaishe su, ta amsa tsokanar Mai Kemis da murmushi, sannan ta tsaya tana duba wani kabad da ba a gama ba, alamar dai maganar ba ta gaban mutane ba ce. Mai Kemis ya gane, ya ce bari ya je ya ga shagonsa.

“Lafiya dai, Uwata?”

“Lafiya ƙalau, Baba. Shawara na zo yi.”

Ta zauna a bakin bencin ta warware masa. Tsohuwar ungozomarsu ta yi ritaya tun farkon shekara. Neman sabuwa ya bi ofis-ofis yana jan ƙafa, sai yanzu aka samu wata, an ce za ta kama aiki da shigowar sabuwar shekara. Kafin nan ungozomar aro suke samu daga babban asibiti, ranar da ta samu sarari, kuma aron zai ƙare da ƙarewar shekara. To albashin da ba a biya kowa ba tsawon watannin nan yana nan kwance a asusun asibitin. Jiya akanta ya kira ta ya ce in aka yi dokar linzami, abin da ta kashe bana shi ne ma'auninta. In ta mayar da kuɗin, ma'aunin zai fito babu albashin ungozoma a ciki, sabuwar ba za ta zo ba, ɗakin haihuwa kuma sai dai a rufe.

“To shi akantan me ya ce ki yi?”

“Ya ce zai sa hannu a juya kuɗin zuwa sayen kaya. In kashe su kafin wata ya mutu, a kan kowane abu mai rasit.”

Kafinta ya ajiye fensirin da ke hannunsa. Ya san ƙarshen zancen tun kafin a kai.

“Wato kujeru kike so.”

“Ba kujeru nake so ba, Baba. Ungozoma nake so.”

“Bencinan da ke wurinku fa, me ya same su?”

“Babu abin da ya same su. Ƙalau suke.”

“Kin ji ko! Uwata, ke ce yau da wannan magana? Ni da na rantse a gaban mutane, sai a wayi gari a ga motar kaya ta tashi daga shagona ta nufi asibitin 'yata? Da wane ido zan kalli jama'a?”

“Ban zo in sa ka karya rantsuwa ba,” ta ce a hankali, idonta a ƙasa. “Akwai kafintoci a gari. Na zo ne don kada ka ji a bakin wani.”

Wannan ta fi yi masa zafi. Ya tashi ya zagaya shagon, ya ɗauki zarto ya mayar, ya dawo. Ya san matan unguwar. Ya san daga nan zuwa babban asibiti sai an canja mota, kuma in aka yi ruwa gadar ba ta biyuwa da sauƙi. Bai taɓa nufin linzaminsa ya shiga ɗakin haihuwa ba, shi teburan da ruwa yake duka yake gani.

“Ki saurare ni,” ya ce. “Wannan ba laifin dokar ba ne, kuskuren masu tsara ta ne. Yaya za a ce wanda ya yi tattali shi za a hukunta? Da an nuna musu za su gyara. Akwai zaman jin ra'ayin jama'a mako mai zuwa, kafin su kaɗa ƙuri'a, kuma an ba ni damar magana. Ki ba ni zuwa ranar. In ban sa an gyara ba, ki je ki yi abin da akanta ya ce, ba zan ce miki komai ba.”

Da wani ne ya faɗi haka, da ta ce masa lokaci ba ya jira. Amma mahaifinta ne, kuma bai saba roƙonta ba.

“Shi ke nan, Baba, zan jira. Abu ɗaya dai, don Allah kada ka ambaci asibitinmu.”

“Haba, ni yaro ne?”

Ranar zaman, zauren majalisa ya cika maƙil. Abin da Kafinta ya fara lura da shi kujerun ne: sababbi fil, warin fenti bai bar su ba. Ya girgiza tasa ya ji tana rawa, ya leƙa ƙarƙashi ya ga ƙusa aka yi ta bankawa inda ya kamata a haɗa da gam. Ya yi tsaki. Ko ɓarna za a yi, ai a yi ta da aiki mai kyau.

Aka fara magana. Wata malamar makaranta ta ce ajinta ya cika har yara suna zama a taga, in aka ɗaure kasafi a nan, da me za a gina wani? Wani mai gidan burodi ya ce shi ya sallami rabin ma'aikatansa saboda haraji, su ma ai suna da yara. Wani tsohon ma'aikaci ya ce duk garin da ya ƙi biyan kuɗin gyaran magudana yau, gobe zai biya kuɗin gyaran gidaje. Wata mai sayar da kayan miya ta ce ita ba ta ƙi biya ba, a nuna mata dai inda na bara ya tafi. Kafinta ya lura duk wanda ya tashi sai ya ji kamar shi ne mai gaskiya, har sai na gaba ya tashi.

Da aka zo kansa, ya fara da kyau. Ya ce shi ɗan linzami ne, kowa ya sani, amma akwai wuri guda da dokar ta karkace. In aka ce abin da ofis ya kashe shi ne ma'auninsa, to mai almubazzaranci ya tsira da babban ma'auni, mai tattali kuwa an yanke masa. Ya ce a auna da abin da aka ware wa ofis, ba abin da ya kashe ba, ko a sa wata ƙofa ga wanda ya yi rara da dalili.

Wani kansila mai kaurin murya, wanda shi ya ɗauki nauyin dokar a majalisa, ya jawo makirufo gabansa.

“Dattijo, muna girmama ka. Amma wannan hasashe ne. A ina ka taɓa ganin ofishin hukuma ya yi rara da gaskiya? Ka nuna mana guda ɗaya tak. In babu, kada mu buɗe ƙofar da kowane ɓarawo zai bi ta ciki.”

Zaure ya ɗauki dariya. To a nan sana'a ta yi halinta. Kafinta bai iya bayanin aibi a iska ba. Duk rayuwarsa in ya ce tebur ya karkace, sai ya kai hannu ya dafa ƙafar da ta gaza, mai kaya ya gani da idonsa, a gyara. Ga kuma dariyar nan da ta shiga masa har ƙashi. Bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba.

“Akwai! Asibitin unguwarmu. 'Yata ce shugaba a wurin. Shekara guda babu ungozoma, kuɗin albashin suna nan ba ta taɓa ko kaɗan ba. An ce mata ta je ta sayi kujeru da su don kada a yanke mata, ta tsaya ba ta saya ba. Wannan ce za ku hukunta?”

Ya faɗe ta da alfahari. Ya zaci zauren zai ga abin da yake gani, wato mace mai amana da ɗakin haihuwa da za a rufe. Amma kowa abin da ya zo nema ya tsinta a ciki.

“Kun ji da kunnenku!” in ji kansila mai kaurin murya, ya miƙe tsaye. “Ana umartar ma'aikata su sayi kujerun da ba a buƙata! Kuma asibiti ya yi shekara babu wannan albashi, bai rushe ba. Ashe ana iyawa!”

Wata kansila daga ɓangaren masu adawa da dokar ta ce a'a, wannan ma hujja ce cewa dokar gaba ɗaya ba ta da amfani, a yi watsi da ita. Aka kaure da hayaniya. Kafinta yana ta ɗaga hannu yana cewa ba haka yake nufi ba, amma an riga an kashe makirufon gabansa.

Shugaban majalisa mutum ne mai son a ga ya yi wani abu. Ya buga tebur, ya ce abin da dattijon nan ya tona abin kunya ne, don haka daga yau har shekara ta rufe an dakatar da duk wani sayen kaya a kowane ofis, duk kuɗin da ya rage a mayar baitulmali. Batun gyaran da dattijo ya kawo kuwa magana ce mai kyau, za a miƙa wa kwamiti ya duba nan gaba. Sannan aka kaɗa ƙuri'a, linzami ya wuce yadda aka tsara shi.

A waje 'yan ƙungiya suka yanyame shi, wannan ya kama hannu, wancan ya dafa kafaɗa. Wani ya ce maganarsa ce ta juya kansilolin da suke ɗari-ɗari. Ya yi ta amsawa da baki kawai. Sai da suka kama hanyar gida ya samu ya tambayi Mai Kemis, wanda shi ma ya halarci zaman.

“Dakatarwar nan ai kowa ta shafa, ko?”

“Ka ga kujerar da ka zauna a kai?” in ji Mai Kemis. “Su sun gama sayayyarsu tun farkon wata. Wanda ya jira kaɗai ta kama.”

Bai ƙara da tsokana ba, kuma Kafinta ya so a ce ya ƙara, da ya samu wanda zai yi wa faɗa.

Sabuwar shekara ta shigo. Harajin shago ya zo babu ƙari, karo na farko cikin shekaru masu yawa. Mai Ɗinki ta tako har shagonsa ta yi masa godiya da hawaye a idonta, ta ce bana in Allah ya yarda za ta mayar da kekenta. Godiyar ta gaskiya ce, kuma ya san ba ƙarya ya yi wa mutane ba. Ya so ya ji daɗi, ya ɗan ji ma, amma daɗin bai zauna ba.

Ya yi ta sintiri a majalisa yana tambayar kwamiti. Yau a ce ba a naɗa mambobi ba, gobe a ce shugabansu ya yi tafiya. Wani magatakarda mai kirki ya ja shi gefe ya ce ko kwamitin ya zauna, kowa tsoron taɓa dokar yake yi, don duk wanda ya buɗe ƙofa ɗaya za a ce ya kwance linzami. Ya je wurin 'yan ƙungiya, suka ce ya yi haƙuri, kowace doka da wanda take takawa, in an daɗe za a gyara. Da yamma ya zauna a benci da Mai Kemis, sai gardamar ta ƙi tashi. Shi ya daina cewa a ɗaure, Mai Kemis kuma ya kasa cewa ai na faɗa maka.

Uwata ba ta fasa zuwa gaishe shi a gida ba. Takan durƙusa yadda ta saba, ta tambayi ƙafarsa da ke masa ciwo, ta ajiye masa magani, ta yi hira da mahaifiyarta ta tafi. Ko sau ɗaya ba ta ta da maganar ba. Da ta yi fushi, ko ta yi kuka, ko ta ce Baba ai na roƙe ka, da ya san inda zai kama ya ba ta haƙuri. Shirun nan ya hana shi sakat. Shi da yake bi ta gaban asibitin in zai je sayen katako, sai ya koma zagayawa ta bayan kasuwa.

Wata safiya dai ya gaji da zagaye. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa kamar mai zuwa gyara, don ya samu abin riƙewa, ya nufi asibitin. Mata sun cika bencinan baranda da katin awo a hannu. Ya hango ta a ƙarshen barandar, a gaban wata ƙofa da aka sa wa kwaɗo, tana magana da wata mai tsohon ciki da wata dattijuwa da ta rako ta.

“Awo dai ki ci gaba da zuwa nan,” take cewa. “Amma haihuwa sai babban asibiti. Kada ki jira naƙuda ta yi ƙarfi. Da kin ji alama ki tashi, ko da kina ganin da saura. Ku yi magana da mai mota tun yanzu, ku karɓi lambarsa. In an yi ruwa kada ku bi ta gada, ku zagaya ta babban titi.”

“Amma Sista,” in ji dattijuwar, “duk 'ya'yanta a nan ta haife su. Ga shi ma a rubuce a sama.”

Ta nuna allon da ke saman ƙofar, inda aka rubuta ɗakin haihuwa da farin fenti.

“Na sani, Inna. Ku yi haƙuri.”

Mai cikin ta dafa bango ta gyara tsayuwa, suka juya a hankali suka wuce ta gabansa. Ya matsa musu hanya, ya kasa ɗaga ido. Sai a lokacin Uwata ta gan shi. Ta taho da sauri ta durƙusa.

“Baba, kai ne da kanka? Lafiya dai? Ƙafar ce?”

“Lafiya lau. Wucewa nake, na ce bari in leƙo.”

Ya buɗe baki zai faɗi abin da ya kwana biyu yana shiryawa, sai kalmomin suka watse. Ya ce, “Uwata, maganar nan ta majalisa…”

“Ka faɗi gaskiya ne, Baba,” ta ce. “Ni ma da na so, da ban jira ba.”

Ba da gatse ta faɗa ba, kuma hakan ya fi ciwo. Ta dubi jakar da ke hannunsa, ta dubi saman ƙofar.

“Tunda ka zo da kayan aiki, ka taimaka ka cire mini allon nan. Muddin yana nan ba za su daina zuwa ba. Shekaranjiya wata ta zo abin ya riga ya matso, da ƙyar muka samu motar da ta kai ta.”

Ya ajiye jakar ya fito da guduma. Ta jawo masa kujera ta riƙe da hannu biyu don kada ta goce, ya hau da ƙafarsa mai ciwo. Matan da ke baranda suna ta kallo. Ya sa bakin gudumar a ƙarƙashin ƙusa ta farko, ya tokare da guntun katako don kada ya ɓata bangon, ya zare ta a hankali. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, hannunsa yana aikin da ya sani. Da allon ya saki, sai ga wurinsa a jikin bango ya fi sauran haske.

Ya sauko yana riƙe da shi, ya rasa yadda zai yi.

“Ina za a ajiye miki? A sito, ko? Kafin kwamitin ya zauna.”

Ta kaɗe ƙurar da ta zubo mata a hannun riga.

“Siton ya cika, Baba. Ka tafi da shi. Katakon mai kyau ne, kada ya lalace a banza.”

Aka kira ta daga ciki, ta ce masa ya gaida gida, ta koma bakin aikinta. Kafinta ya rataya jakarsa, ya sa allon a hammata, ya juya rubutun ta jikinsa, ya bi ta gaban matan ya fita.